Ƙaurar Manyan Ma'aikatu Zuwa Tsarin Girgije: Darasi Daga Azare da Katagum

GABATARWA

A shekarar 1916 aka ɗauke mazaunin Masarautar Katagum daga garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a bakin kogin Jama'are a wajen 1814, aka mai da shi Azare, tafiyar kimanin kilomita 70. Fada ta sake wuri, amma masarauta ba ta sake suna ba, alhakin talakawa kuma bai sauka daga wuyan masu mulki ba.

Bayan shekara fiye da 100, ga wata irin ƙaura ta zo wa manyan ma'aikatu, watau asibitoci, da jami'o'i, da bankuna, da ofisoshin gwamnati. A wannan karon ba mutane ne ke tashi ba. Abin da ke tashi shi ne bayanan jama'a: katin majiyyaci, da sakamakon ɗalibi, da lissafin albashi, da ajiyar ɗan kasuwa. Ana kwashe su daga kabad da kwamfutocin ofis zuwa wani wuri da masana ke kira girgije.

Azare na cikin garuruwan da al'amarin ya shafa kai tsaye. A nan ne babban asibitin Gwamnatin Tarayya yake, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da rassan bankuna, ga kuma jami'ar jiha a Gadau, maƙwabciyarta. An shirya wannan darasi domin shugabannin irin waɗannan wurare, da akawuna, da ma'aji, da masu kula da fayil, da ɗalibai, da duk wanda sunansa ke cikin littafin wata ma'aikata. Abin da darasin ke koyarwa ɗaya ne: shiga girgije ba sayen na'ura ba ne, sake ginin aiki ne, kuma ana yinsa sashe bayan sashe, ba tare da alhaki ya bar wuyan ma'aikata ba.

1. MENE NE GIRGIJE?

Kalmar aro ce daga masu aikin kwamfuta, waɗanda suka saba zana hoton girgije a takarda domin su nuna hanyoyin sadarwa da ba a ganin cikinsu. Babu abin da ake ajiyewa a sararin sama. Girgije gine-gine ne a ƙasa, ana kiransu cibiyoyin adana bayanai, cike da dubban kwamfutoci, da injinan wuta na ko-ta-kwana, da na'urorin sanyaya ɗaki, da masu gadi dare da rana. Ma'aikata takan yi hayar ƙarfin waɗannan kwamfutoci ta hanyar intanet, ta biya gwargwadon abin da ta ci, kamar yadda ake biyan wutar lantarki da mita.

Kamfanin Amazon na Amurka ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, sa'an nan Microsoft da Google suka biyo baya. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google kuma a 2024. A Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone a 2006 domin ya kula da hanyoyin sadarwa da ajiyar bayanan ma'aikatunta. Yana da cibiya a Abuja, kuma a farkon 2023 aka buɗe wata babba a Kano. Akwai kuma cibiyoyin 'yan kasuwa, yawancinsu a Legas.

2. BAƘO DA ƊAN GARI

Hanyoyin shiga girgije biyu ne, kuma wajibi ne mai karatu ya bambanta su.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki tsohuwar manhaja yadda take, a ɗora ta a kan kwamfutar haya. Yawancin tsofaffin manhajoji an gina su ne curi guda. A manhajar asibiti, alal misali, ba da kati, da karɓar kuɗi, da ɗakin gwaji, da ɗakin magani, duk a dunƙule suke wuri ɗaya. In sashen karɓar kuɗi ya cije, sai komai ya tsaya, har likita ya kasa ganin sakamakon jini. In ana son gyara layi ɗaya, sai an rufe gidan gaba ɗaya. Irin wannan manhaja ko an kai ta girgije baƙuwa ce: ta sake masauki, ba ta sake hali ba, sau da yawa ma kuɗin hayarta ya fi na zamanta a gida.

Hanya ta biyu ita ce a sake gina manhajar daidai da yanayin girgije, ta zama 'yar gari, mai iya faɗaɗa in aiki ya yi yawa, ta tsuke in ya ragu, ta kuma ci gaba da aiki ko da wani ɓangare nata ya lalace. Wannan shi ne tsarin ɗan asalin girgije, kuma a kansa darasin nan yake magana.

3. GINSHIƘAI HUƊU NA SABON TSARI

(a) Rarraba aiki zuwa ƙananan sassa. Maimakon curi guda, akan gina kowane aiki daban: sashen kati daban, na kuɗi daban, na gwaji daban, kowanne da nasa rumbun bayanai da nasa masu kula. Sassan sukan yi magana da juna ta ƙofofi sanannu, da ƙa'idar da aka yarda da ita. Haka gidan Bahaushe yake: kowane sashe da ƙofarsa, in ɗaki ɗaya ya yi yoyo ba sai an kwashe gida duka ba.

(b) Kwantena. A watan Afrilu 1956 wani jirgin ruwa ya tashi daga Newark zuwa Houston a Amurka ɗauke da akwatunan ƙarfe 58 masu girma ɗaya. Daga nan sufuri ya sake, domin akwati ɗaya yana hawa jirgi, ya sauka kan tirela, ba tare da an kwance kaya ba. Masu manhaja sun ari wannan dabara. Sukan ƙunshe kowane sashe da duk abin da yake bukata cikin ƙunshi ɗaya, su ma suna kiransa kwantena, ta yadda zai yi aiki iri ɗaya a kwamfutar Kano, ko ta Legas, ko ta cikin ofis a Azare. Manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, ita ce ta sa wannan hanya ta yaɗu.

(c) Mai tsara lodi. In kwantenoni suka kai ɗaruruwa, mutum ba zai iya kula da su da hannu ba. Wanda ya san tashar mota ya san aikin shugabannin tasha: in fasinja suka yi yawa a sa wata mota layi, in mota ta lalace a juye fasinja cikin wata. Wannan aiki ne manhajar Kubernetes ke yi wa kwantenoni. Google ne ya fitar da ita a 2014, a 2015 kuma aka miƙa ta ga wata gidauniya domin ta zama ta kowa, ba mallakar kamfani ɗaya ba.

(d) Gyara kaɗan-kaɗan. A tsohon tsari akan tara gyare-gyare na wata shida ko shekara, a zuba su dare ɗaya, a kwana ana fargaba. A sabon tsari akan yi ɗan ƙaramin gyara, na'ura ta gwada shi da kanta, a sake shi ga mutane kaɗan tukuna. In ya yi kyau a faɗaɗa, in bai yi ba a janye shi nan take. Wannan yana bukatar masu rubuta manhaja da masu kula da ita su zama ƙungiya ɗaya, maimakon kowa ya riƙa ɗora laifi a kan ɗan'uwansa.

4. ABIN DA JAMA'A SUKA GANI A 2023

Amfanin wannan tsari ba abin da ke nesa da talaka ba ne. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200, da 500, da 1,000. Zuwa watan Fabrairu 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya a ƙasa baki ɗaya. Mai sayar da hatsi, da mai nama, da mai shayi, waɗanda a da ba ruwansu da tura kuɗi ta waya, duk suka koma kanta a lokaci ɗaya. A kasuwannin karkara irin na ƙasar Katagum, inda cinikin dabbobi da amfanin gona ya dogara da kuɗi a hannu, abin ya yi tsanani ƙwarai.

Lodin ya fi ƙarfin manhajojin bankuna da yawa. Kuɗi sukan fita daga asusun mai saye, ba su shiga na mai sayarwa ba, a tsaya ana jayayya. A wannan lokaci ne sababbin kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su OPay da Moniepoint suka sami ɗimbin abokan ciniki. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya a fili yake: sababbin kamfanoni ba su da tsohon kaya da za su ja, an rubuta manhajojinsu ne a zamanin girgije.

Abin lura shi ne, kowace babbar ma'aikata tana da irin wannan rana tata. Ta makaranta ita ce makon rajista da ranar fitar da sakamako. Ta baitulmali ita ce ƙarshen wata. Ta asibiti ita ce damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro, ko ranar da annoba ta ɓulla. A tsohon tsari sai dai a sayi na'urar da za ta ɗauki lodin wannan rana, ta yi zaman banza sauran shekara, ko kuwa a sayi ƙarama, ta durƙushe ranar da aka fi bukatarta. Tsarin girgije ya raba wannan gardama, domin ana ƙara ƙarfi na kwanaki, a mai da shi bayan an gama.

5. GANI GA WANE

Manyan kamfanonin duniya sun riga sun bi wannan hanya, kuma labarin uku daga cikinsu ya isa wa'azi.

Na farko shi ne Netflix, kamfanin finafinai na Amurka. A watan Agusta 2008 rumbun bayanansa ya lalace, ya yi kwana 3 bai iya aika wa abokan cinikinsa faifai ba. Sai ya ɗauri aniyar ƙaura zuwa girgije, amma ya ƙi kwashe tsohuwar manhaja yadda take. Ya sake gina kusan komai sashe-sashe. Bai gama ba sai a watan Janairu 2016, watau bayan shekara 7. Kamfani ne mai kuɗi da ƙwararru, duk da haka bai yi gaggawa ba.

Na biyu shi ne bankin TSB na Birtaniya. A watan Afrilu 2018 ya kwashe bayanan abokan cinikinsa fiye da miliyan 5 zuwa sabon tsari cikin ƙarshen mako guda. Tsarin bai gama nuna ba. Mutane masu yawan gaske suka kasa taɓa kuɗinsu, wasu ma suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin ya sauka a watan Satumba na wannan shekara, a Disamba 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48 da dubu 650. A Nijeriya ma, a ƙarshen 2024, wasu manyan bankuna sun sake manhajojinsu na asali, abokan ciniki kuwa suka sha wahala ta kwanaki.

Na uku shi ne bankin Capital One na Amurka, ɗaya daga cikin manyan bankunan da suka fara rungumar girgije. A 2019 aka kutsa cikin ajiyarsa, aka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 100 a Amurka. Ba ginin cibiyar aka fasa ba. Wata katangar tsaro ce ta bankin aka saita ba daidai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2020 aka ci bankin tarar dala miliyan 80. Mai gidan haya shi ke da alhakin katanga da ƙofar gida, amma kulle ɗaki na ɗan haya ne.

6. MATSAYIN DOKA A NIJERIYA

Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, ta fitar da ƙa'idoji a 2013 waɗanda suka bukaci a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. A 2019 ta fitar da manufar ƙasa a kan girgije, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su fara duba yiwuwar amfani da girgije kafin su sayi sababbin na'urori, su kuma rarraba bayanansu aji-aji gwargwadon sirrinsu.

A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar tsaro na musamman. Ta hana fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa sai da isasshiyar kariya ko wani sharaɗi da ta yarda da shi. Ta kuma wajabta wa ma'aikata ta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 in aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Tun kafin wannan, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta wajabta riƙe sirrin majiyyaci. Saboda haka shugaban asibiti ko magatakardan jami'a ba zai iya kare kansa da cewa laifin kamfanin haya ne ba.

7. MATSALOLI HUƊU DA SUKA SHAFI AZARE DA KEWAYE

Tsarin da aka ƙirƙira a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa lalle ne a gwada shi da yanayin gida kafin a amince da shi.

Ta farko, hanyar sadarwa. Girgije ba shi da amfani ga wanda ba zai iya kaiwa gare shi ba. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet guda 4 na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da ofisoshi suka tangaɗa a Nijeriya da maƙwabtanta. A cikin gida kuma wayoyin da aka binne a gefen hanya sukan tsinke wajen aikin titi, ko ɓarna, ko ambaliya. A daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, abin da ke nuna cewa duk abin da ke bin hanya ɗaya tak yana cikin haɗari. Gwamnatin Tarayya ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin waya ta kilomita 90,000, amma kafin ta isa ko'ina, wajibi ne babbar ma'aikata ta mallaki layi biyu daga kamfanoni biyu, waɗanda ba hanya ɗaya suka biyo ba.

Ta biyu, wutar lantarki. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki da dama cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Cibiyar girgije tana da wutarta, amma kwamfutar akawu da ke ba da kati ba ta da ita sai an tanada mata, ko ta hasken rana ko ta batir.

Daga waɗannan biyu ne babbar ƙa'ida ta fito: aikin da rai ya rataya a kansa kada ya dogara da layin waje kaɗai. A ɗauka an kawo mace mai naƙuda daga garin Katagum zuwa Azare da tsakar dare, layi kuma ya yanke. Ungozoma tana bukatar sanin rukunin jininta da magungunan da jikinta ba ya karɓa a wannan sa'a, ba gobe ba. A nan ne kwantena ke nuna amfaninta. Tun da sashe ɗaya yana iya aiki a ko'ina, ana iya ajiye sashen kati, da na gwaji, da na magani a wata 'yar ƙaramar kwamfuta cikin asibitin, su ci gaba da aiki ko babu intanet, in layi ya dawo su aika abin da suka tara zuwa babbar cibiya. Rahotanni, da ƙididdiga, da ajiyar tsofaffin fayiloli kuwa suna iya zama can nesa.

Ta uku, kuɗi. Manyan kamfanonin waje da dala suke auna farashinsu. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba. A farkon 2024 ta haura 1,400. Ma'aikatar da ta yi kasafi da naira sai ta tarar kuɗin haya ya ninka, alhali aikinta bai ƙaru ba. Bugu da ƙari, mitar girgije ba ta barci: kwamfutar da aka kunna don gwaji aka manta da ita tana ta cin kuɗi. Ya kamata ma'aji ya riƙa ganin lissafin kowane sashe duk wata, a kuma kwatanta farashin cibiyoyin cikin gida masu karɓar naira kafin a ƙulla yarjejeniya.

Ta huɗu, ma'aikata. Sassa 30 sun fi curi guda wuyar kulawa in babu masu sani. Kayan aro ba ya rufe katara: ma'aikatar da ta bar wa ɗan kwangila komai, ranar da ya tafi ta zama baƙuwa a gidanta. Shirin horas da matasa miliyan 3 a fannin fasaha, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 2023, ya ƙunshi aikin girgije, kuma manyan makarantun Azare da Gadau suna yaye matasan da za a iya horaswa. Ƙaramar ma'aikata kuwa, wadda ba ta da lodi mai hawa da sauka, ba dole ba ne ta rarraba manhajarta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

8. MATAKAN ƘAURA

Mataki na 1: Ƙirga kaya. A rubuta kowace manhaja da ma'aikata ke amfani da ita, da mai kula da ita, da bayanan da ke cikinta, da abin da zai faru in ta tsaya na sa'a ɗaya, ko na yini, ko na mako.

Mataki na 2: Tace bayanai. Gurɓataccen lissafi ba ya gyaruwa don an kai shi girgije. Ga misali daga gida: Ƙaramar Hukumar Katagum hedkwatarta Azare, garin Katagum kuwa shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. In akawu ya rubuta Katagum a gurbin adireshi ba tare da bayani ba, na'ura ba za ta san gari ake nufi, ko ƙaramar hukuma, ko masarauta ba, kuma ƙididdigar cututtuka ko ta ɗalibai za ta fita a karkace. Haka sunan mutum ɗaya da aka rubuta Muhammadu a nan, Mamman a can. Lambar shaidar ɗan ƙasa tana taimakawa wajen raba irin wannan ruɗani.

Mataki na 3: Rarraba bayanai aji-aji. Na kowa da kowa, kamar sanarwar ɗaukar ɗalibai. Na cikin gida, kamar jadawalin aiki. Da na sirri, kamar fayil ɗin majiyyaci da lissafin albashi. Ajin bayani shi zai nuna inda za a ajiye shi da wanda zai taɓa shi.

Mataki na 4: Fara da abu mai sauƙi. A ɗauki sashe ɗaya wanda faɗuwarsa ba za ta kashe kowa ba, kamar neman gurbin karatu ko ba da ranar ganin likita. A gina shi a sabon tsari, a bar tsohon yana aiki a gefensa har sai an tabbata. Sa'an nan a ɗauki na gaba. Albashi da fayil ɗin majiyyaci su ne na ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na 5: Tsaro tun daga tushe. Tun ran gini ran zane. Kowane ma'aikaci da nasa mabuɗin shiga, ba a haɗa kalmar sirri, kuma kowa yana ganin abin da ya shafi aikinsa kaɗai. Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wuri ko ya yi ritaya, a ranar ake karɓe mabuɗinsa.

Mataki na 6: Kwafi a wuri na biyu. A watan Satumba 2025 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ayyukan gwamnati fiye da 600 suka tsaya, wani babban rumbun fayilolin ma'aikata kuma ya salwanta domin ba a ajiye kwafinsa a wani wuri ba. A watan Oktoba na shekarar, matsala a ɗaya daga cikin yankunan Amazon a Amurka ta tsai da ayyuka da yawa a duniya na sa'o'i. Babu rumbun da ya fi ƙarfin gobara. A ajiye kwafi a wani gari dabam, a kuma riƙa gwada dawo da shi a kai a kai, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Mataki na 7: Ƙofar fita. Kafin a sa hannu, yarjejeniya ta bayyana cewa bayanai mallakar ma'aikata ne, da ƙasar da za a ajiye su, da yadda za a karɓe su in an raba gari, cikin kwana nawa, kuma a kan nawa.

9. HAƘƘIN JAMA'A

Majiyyaci, da ɗalibi, da ɗan fansho ba 'yan kallo ba ne a wannan sha'ani. Dokar 2023 ta ba kowa ikon sanin bayanan da wata ma'aikata ke riƙe da su a kansa, da dalilin riƙe su, da neman a gyara kuskure, da kai ƙara ga Hukumar Kare Bayanai in an keta masa haƙƙi. Ya kamata ma'aikata ta sanar da jama'a tun da wuri, da Hausa da sauran harsunan yankin, ta gidan rediyo da allon sanarwa, duk ranar da za ta sake tsari, ta kuma tanadi hanyar takarda domin kada a sallami kowa da cewa babu netwok. Su kuma jama'a kada su ba kowa lambar sirri ta banki ko lambar da aka turo musu ta waya, ko da ya ce shi ma'aikaci ne mai sabunta tsari, domin lokacin ƙaura shi ne kakar 'yan damfara.

TAƘAITAWA

Girgije kwamfutocin haya ne da ake kaiwa gare su ta intanet. Manhajar da ta zama 'yar gari a cikinsa tana da ginshiƙai huɗu: ƙananan sassa, da kwantena, da mai tsara lodi, da gyara kaɗan-kaɗan. Amfaninta shi ne jure lodi da hana lalacewar sashe ɗaya ta tsai da sauran. Haɗarinta yana cikin gaggawa, da sakacin tsaro, da tsadar dala, da yankewar layi, da ƙarancin masu sani. A wuri irin Azare, ma'aunin nasara shi ne ko majiyyaci ya sami katinsa, ɗalibi ya yi rajistarsa, ma'aikaci ya karɓi albashinsa, a ranar da wuta ta ɗauke, layi kuma ya yanke.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin manhajar da ta shiga girgije a matsayin baƙuwa da wadda ta zama 'yar gari?
2. Wane darasi ke cikin labarin Netflix, wane kuma ke cikin na TSB?
3. Don me ya kamata sashen kati da na gwaji na asibiti su iya aiki ko babu intanet?
4. Ta yaya sunan Katagum zai iya ɓata ƙididdiga in ba a tace bayanai ba?
5. In aka yi kutse cikin bayanan da ma'aikata ta ajiye a cibiyar haya, wa doka za ta fara tambaya, kuma cikin sa'o'i nawa ake sanar da hukuma?
6. Mai karatu ya zaɓi wata ma'aikata da ya sani, ya rubuta ayyukanta guda 5, ya jera su daga wanda ya kamata ya fara ƙaura zuwa wanda zai zama na ƙarshe, tare da dalilinsa.